Tukwane Shida na Karara

Yamusa mutumin Gbagyi ne, manomin doya a tsohon Wuse. Shekarar da aka fara share filin sabon birni, katafila ta shiga gonarsa saura wata guda a yi haƙa. Ya roƙi jami'in da ke tsaye da takarda a hannu, wani matashi mai tabarau, ya ɗaga masa ko da sati uku. Matashin bai ko ɗago kai ba, ya ce gwamnati ba ta jiran doya. Yamusa yana kallo aka baje kunyoyinsa.

Daga nan ya koma Ushafa, garin matarsa Asibi, mai ginin tukwane. Ita ta gina ta gasa, shi ya zuba ƙasa da taki ya dasa furanni, ya jera su a bakin titi kusa da kasuwar Wuse. Da gwamnati ta taso daga Legas, ma'aikata suka kwararo, kowa da sabon gida mai tsakar siminti ba ko ciyawa, sai kasuwa ta buɗe masa.

Ran nan wata farar Fijo ta tsaya. Mutumin da ya fito ya yi tumbi, gashinsa ya fara furfura, amma yana buɗe baki Yamusa ya gane muryar jami'in nan mai tabarau. Sunansa Abdulmajeed, yanzu babba ne a wata ma'aikata. Matarsa Rukayyat ta ce shuka mai yaɗo take so, wadda za ta lulluɓe baranda.

"Akwai, madam," in ji Yamusa. "Ki ba ni sati biyu. Ko a Legas babu irinta."

Washegari ya hau bayan duwatsun Ushafa ya samo irin karara, tsiron nan da gashin 'ya'yansa ke sa ƙaiƙayin da ke fitar da babba daga hayyacinsa. Ya zaɓi tukwane shida mafi kyau, ya ba su kashin shanu mai ruɓa. Asibi na ganin ganyen ta gane. Abu ɗaya ta tambaya, ko akwai yara a gidan. Ya ce ya bincika, suna makarantar kwana a Kaduna.

Da hannunsa ya jera tukwanen a barandar, ya ɗaura igiyoyi har rufi. Abdulmajeed tashin birni ne, bai san tsiron daji ba. Damina ta yi albarka, yaɗo ya hau, furanni masu ruwan hoda mai duhu suka sauko gungu-gungu. Rukayyat har kiran maƙwabta take su zo kallo.

Rani ya shigo, 'ya'yan suka bushe da gashinsu kamar na zinariya, daidai lokacin da aka ƙara wa Abdulmajeed girma ya shirya walima. Aka jera wa manyan baƙi kujeru a barandar, aka kunna fanka biyu. Ba a kai ga raba shinkafa ba susa ta fara. Masu manyan riguna suka tashi suna goga baya da bango, wani ya tuɓe har singileti, taro ya watse.

Kashegari Abdulmajeed ya iso bakin titi da 'yan sanda biyu, wuyansa duk sawun farce. Yamusa bai yi musu ba. Ya tuna masa gonar, da katafilar, da maganar da ya faɗa.

"Wace gona?" Abdulmajeed ya tambaya. "Gonaki nawa muka share a garin nan?"

"Oga, ni ɗaya ce nake da ita."

Kwana biyu Yamusa ya yi a tsare. Asibi ta kai masa tuwo, ta zauna a kan benci tana ba shi abin da ta jiyo daga bakin direban gidan. Yana ci yana sa ta maimaita, musamman labarin wani babban sakatare da aka tarar a bayan gida, ya shige cikin duron ruwa har wuya yana salati.