Akwatin da Kawu Ya Toshe

Wafa na durƙushe ƙarƙashin sitiyarin bas ɗin, ta naɗe hannun abayarta tana ɗaure wayar ƙarshe a bayan burki, sai ta jiyo Kawu Sadisu yana ja wa mahaifinta kunne daga waje. Cewa yake in mutumin Riyad da za su gana da shi yau ya yi tambaya a ba shi amsa daidai tambayarsa, kada a ƙara masa ko gishiri. Mutanen zamani, in ji shi, sai su juya kayanka su ce bai yi ba, gobe ka gan shi a shagon ƙaninsu da wani suna.

Garejin Kawu yana can ƙarshen unguwar Zahir a Makka, bayan masu sayar da tayoyi. Yau ya sallami ma'aikatansa tun kafin Azahar, ya ja ƙofar ƙarfe ya rufe. Su uku kaɗai suka rage da tsohuwar bas ɗin alhazai da aka tare tayoyinta da katako, sai akwatunan Wafa guda biyu, kowanne bai fi sabulun wanki girma ba. Ɗaya ta haɗa shi da burki, ɗayan yana kan teburin aiki.

Mahaifinta Mahmudu ya shekara ashirin da ɗoriya yana jan motar alhazai. A Makka aka haife shi, ya san hanyar Arfa zuwa Muzdalifa kamar tafin hannunsa, hanyar da mota ke tafiyar kunkuru, direba ya wuni ya kwana ƙafarsa a kan burki. Wata shekara a cikin wannan cunkoso motarsa ta sulale gaba a hankali, ta matse wani tsohon alhaji da bayan motar da ke gabanta, ƙafar tsohon ta karye. Mahmudu ya ce burki ne ya ƙwace. Kamfani ya duba burki ya same shi lafiya, ya sallame shi. Har yau a gidan ba wanda ke cewa komai sai dai burki ne ya ƙwace.

Wafa tana makarantar sakandare a lokacin. Da ta je jami'a lantarki ta karanta, kuma akwatin nan shi ne abin da ta fito da shi. In direba ya fara gyangyaɗi ƙafarsa a kan burki, sai akwatin ya yi ƙara ya girgiza kujera tun motar ba ta motsa ba.

Bara ta nemi bara'a a kansa, wato takardar da hukuma ke ba wanda ya ƙirƙiro abu don kada wani ya ƙera irinsa sai da izininsa. A nan Kawu ya shigo. Shi ƙanin mahaifiyarta ne, daga Kano ya zo da iƙama, takardar izinin zama, tun yana saurayi, kuma duk Zahir an san shi da wani haɗi da yake toshe lagireto da shi, wanda ba ya kwaɓa shi sai ya kori kowa ya rufe ƙofa. Ya ce mata sana'a sirri ce, wanda ya faɗi sirrinsa ya sayar da gonarsa. Da hannunsa ya narka baƙin ƙaro ya cika cikin akwatunan, ya daskare kamar dutse, yadda ko an sace ba a ga komai. Ita ma da ta zo rubuta takardar nema sai ta zuba mata irin wannan ƙaron. Abin da ta rubuta kawai shi ne hanya ce ta lura da direba da faɗakar da shi in hankalinsa ya tafi.

Amsa ta zo cewa wannan ba ƙirƙira ba ce, aikin tunani ne. Lura da direba da taɓa shi in ya yi gyangyaɗi, kowane yaron mota yana yi tun da aka fara mota, doka kuwa ba ta ba da bara'a a kan tunani. Ganawar yau ta bidiyo ita ce dama ta ƙarshe. In mai binciken hukumar, wato mutumin Riyad ɗin, bai gamsu ba za a rufe fayil ɗin, mai kamfanin da ya yarda ya gwada akwatin a motocinsa a Hajjin bana kuma ya riga ya ce ba ya taɓa abin da ba shi da takarda.

Ta jingina kwamfutar hannunta da gilashin gaba. Mahmudu ya hau kujerar direba a hankali, ya gyara zama, ya taɓa madubi duk da ba inda za shi. Rabonsa da irin wannan kujera tun waccan shekarar. Ya tayar da injin, sanyin na'ura ya fara busowa.

Mai binciken ya bayyana a gilashin kwamfutar. Mutum ne mai matsakaicin shekaru, da jan shimagi, mayafin kan mazan Larabawa, a kansa da kofin shayi a gefe. Ya gaishe su da Larabci cikin ladabi, ya kira Mahmudu da ya ammi, wato baffana, ya ce da Wafa ta nuna masa abin da take da shi.

Mahmudu ya taka burki, ya saki a hankali kamar yadda mai barci zai yi. Akwatin bai ce uffan ba. Ya sake, har da rufe ido da langaɓar da kai. Shiru. Kawu da ke tsaye a bakin ƙofar motar ya fara share gumi da hularsa, yana tambaya da Hausa ƙasa-ƙasa ko wayar ce ta kwance.

Wafa ta ce da mai binciken daidai ne da bai yi ƙara ba, ai direban idonsa biyu, wasa yake.

Mutumin ya ajiye kofinsa. Ya ce to ta yaya akwatin ya san wasa ne?

Kawu ya yi wani tari mai tsawo. Wafa ta dube shi, ta dubi fuskar da ke cikin gilashi, ta ce wannan yana cikin akwatin.

Mai binciken bai yi fushi ba. Ya ce yana ganin irin wannan kusan kowane mako, mutane su zo da abu mai kyau su ɓoye masa kyawun. Bara'a ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da jama'a. Ita za ta faɗa wa duniya yadda abin yake aiki, dalla-dalla, yadda wani masani zai iya ƙera shi, duniya kuma ta ɗauke hannu daga kansa na wasu shekaru.

"Ya ustaza," ya ce, "ba zan iya yi miki gadin ɗakin da ba ki nuna mini ƙofarsa ba. Abin da ke gabana a rubuce tunani ne. In akwai ƙarfe da waya a bayansa, ina so in gani."

Ta nemi ya ɗan jira ta. Ta sauko daga motar ta nufi teburin aiki, ta ɗauki guduma da cizal. Kafin ta kai hannu ga akwati na biyu Kawu ya riga ta, ya ɗora tafinsa a kai.

"Wafa'u, ki yi hankali. Tuwon da aka buɗe tun bai nuna ba, ƙuda ne ke riga mai gida."

"Kawu, ai a rufen ma ba mu ci ba."

Ya ce mutumin nan ba su san shi ba, ba su san ubansa ba. Shi shekara talatin yana haɗin lagireto ba takardar kowa, kuma ba wanda ya taɓa ƙwace masa. Wafa ta ce gaskiya ne, amma haɗinsa a gareji ɗaya yake aiki, da hannu ɗaya. Nata kuwa ba ta yi shi don gareji ɗaya ba. Motocin da ke shiga Mina ba su ƙirguwa, kuma ba za ta iya bin kowace da tukunyar ƙaro ba.

"Allah ya ja kwana, Kawu," ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "amma ranar da ka ajiye aiki, wa zai san haɗin nan naka ne?"

Kawu ya dube ta har sai da ta sunkuyar da kai. Ta ɗauka ta ɓata masa rai ke nan har abada. Ya janye hannunsa. Ta kafa cizal a tsakiyar akwatin ta ɗaga guduma.

"Kai, 'yar jami'a," ya ce. "Haka za ki farfasa shi har da abin da kike son nunawa. Kawo nan."

Ya karɓa, ya juya akwatin ya nemo gefen da ya san ƙaron bai yi kauri ba, ya shiga bugawa kaɗan-kaɗan yana gunaguni cewa ƙaro mai kyau ne, daga Jidda ya sa aka kawo masa. Ɓawon ya tsage, ya ɓare gida biyu kamar gyaɗa. Koren allon da ke ciki ya fito ko ƙwarzane babu. Ya hure shi, ya goge da gefen rigarsa, ya miƙa mata ba tare da ya kalle ta ba.

Ta koma cikin motar ta zauna a kujerar da ke bayan direba, ta jawo kwamfutar gabanta. Ta ce da mahaifinta ya ci gaba da taka burki kawai, za ta neme shi in an jima. Sai ta fara.

Ta nuna wa mai binciken wani siririn faifai da ake mannawa a bayan abin taka burki, mai jin nauyin ƙafa komai ƙanƙantarsa. Ta ce ƙafar mai ido biyu ba ta taɓa tsayawa cik. Ko ya rantse bai motsa ba, akwai 'yar rawa da tsoka ke yi wadda ido ba ya gani. In barci ya zo, wannan rawar ce ke fara mutuwa, sai daga baya nauyin ƙafar ya fara raguwa. Tsakanin mutuwar rawar da sulalewar mota akwai ɗan lokaci, kuma a nan akwatinta yake zaune. Ta nuna masa sashen da ke tace girgizar injin don kada ta ruɗe da ta ƙafa, abin da ya fi komai ba ta wahala. Ta ce na'urorin da ke kallon fuskar direba ba su da amfani ga wanda ya naɗe fuska da shimagi ya sa baƙin tabarau, waɗanda ke kallon layin titi kuwa me za su gani a motar da ba ta fi mai tafiya a ƙasa sauri ba?

Tun tana magana tana inda-inda har bakinta ya saki. Larabcin makaranta ya gudu, na unguwa ya dawo. Mai binciken ya matso da fuskarsa, yana tambaya tana amsawa, ya ce ta juya allon, ta juya, ya ce ta maimaita maganar tacewar, ta maimaita. Shayinsa ya huce a gefe. Abin ya yi tsawo, sanyin na'ura na busowa, injin na gurnaninsa mai daɗi, ga cikin Mahmudu cike da shinkafar bukhari da Kawu ya sayo musu da rana.

Sai akwatin da ke jikin burki ya tsala ƙara, kujerar direba ta hau kakkarwa.

Mahmudu ya zabura, ya danne burki da duk ƙarfinsa, hannayensa biyu suka cafke sitiyari, idanunsa jajur suna neman hanya a bangon gareji. Ƙarar ta tsaya.

Mahmudu ya saki sitiyarin. Ya gyara hularsa, ya yi gyaran murya.

"Salati nake yi," ya ce.

Kawu ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. A cikin gilashi mai binciken ya ja gefen shimaginsa ya rufe baki, ya ce Allah ya karɓa, ya ammi.

Da ya natsu ya yi mata bayani a fili. Tsohuwar takardar ba ta ceto, domin ba a ƙara wa takarda abin da ba a rubuta a cikinta tun farko ba. Ta bar ta ta mutu. Ta rubuta sabuwa, da faifan, da rawar ƙafar, da tacewar, da zanen komai. Wannan ba tunani ba ne, na'ura ce mai warware matsala ta hanyar da aka bayyana, irin abin da doka ke karɓa ke nan. Ba zai yi mata alkawarin bara'a ba sai an bincika ko wani ya riga ta, amma shi dai bai taɓa cin karo da irinsa ba. Da lambar shigarwa a hannunta kuwa tana iya zuwa wurin mai kamfani kanta a ɗage.

"Abu ɗaya," ya ƙara da cewa. "Kafin ki shigar, kada ki nuna wa kowa cikin akwatin nan. Kowa."

Da gilashin kwamfutar ya yi duhu Kawu ya ce a fassara masa maganar ƙarshe, ko da yake ya ji ta sarai. Wafa ta fassara. Ya buga cinya ya ce to shi me yake faɗa musu tun bara? Ga shi mutumin gwamnati ma ya faɗa. Ya kwashe ɓawon ƙaron da allon ya naɗe a tsumma, ya kai can cikin ɗakin da yake kwaɓa haɗinsa, ya kulle, ya jefa makullin a aljihu. Daga nan ya ce bari ya je ya samo musu lemo mai sanyi, yau ba ranar shan ruwan famfo ba ce.

Wafa ta zauna tana dariya ita kaɗai, tana jero abin da za ta rubuta a ranta. Sai ta lura mahaifinta bai sauko ba. Ya kashe injin amma yana nan a kujerar, ƙafarsa a kan burki, yana takawa yana saki. Ya sunkuya ya leƙa ɗan akwatin, ya daɗe yana kallonsa.

"Wafa'u."

"Na'am, Baba."

"Da akwai wannan a waccan shekarar," ya ce, idonsa na kan gilashin gaba, "da burkin nan bai ƙwace ba."

Ta dubi bayan kansa, furfurar da ta leƙo ta ƙarƙashin hula.

"Haka ne, Baba," ta ce.

Ya gyaɗa kai. Ya ce in za ta rubuta sabuwar takardar ta ƙara wa abin ƙara, direbobin Muzdalifa kunnensu ya fi nasa tauri.