Takun Baba

Auta mai haɗa kiɗa ne, irin waɗanda ake ce wa DJ. In ana taro ko an buɗe sabon wurin shaƙatawa, shi ake kira ya zo da kwamfutarsa da na'urarsa. Sai ya ɗauko kiɗan samarin Birazil ya ɗora a kan gangar Angola, ya saɗaɗo da muryar wata 'yar Jamaika, kafin mutane su ankara ya kai su titunan Alƙahira ƙafarsu ba ta tsaya ba. A gari ana ji da shi. A gida kuwa Baba bai taɓa yarda cewa wannan sana'a ce ba. In baƙo ya tambayi me autan nasa yake yi, cewa yake yana nan yana taya mutane kashe takalmi.

Baba tsohon direban babbar motar fasinja ne, ya ƙarar da ƙarfinsa a dogayen hanyoyi, ya dawo gida da hawan jini da taurin kai. Tun rasuwar matarsa daga shi sai Auta a gidan. Babbar 'yarsa, wadda Auta ke kira Yaya, tana gidan mijinta, amma ba ta kwana biyu ba ta leƙo ba. Wata safiya Baba yana ɗaura agogo hannu ya ƙi, baki ya karkace, ya sulale a gefen gado. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Magana ta dawo, hannu ma ya ɗan dawo, amma ƙafar hagu ta zama kamar ta aro. In ya ce mata zo, sai ta tsaya ta yi shawara tukuna.

Likitar gashin ƙashi mace ce da ba ta iya kwana-kwana ba. Ta zaunar da Yaya da Auta ta gaya musu cewa in dattijon ya saba da kujera a 'yan watannin nan, to shi da tafiya sai labari. Dole ya riƙa takawa kullum, ko yana so ko ba ya so. Ta ƙara da cewa wasu masu irin ciwon sun fi takawa da kyau in akwai abin da ke bugawa a kunnensu daidai wa daida, ko tafi ne, ko ƙwanƙwasa tebur. Yaya ta juyo ta kalli ƙanenta, ta ce ashe dai hayaniyar nan tasa za ta yi rana.

Auta bai yi dariya ba, don abin ya shige shi. Akwai doguwar baranda a gidan, daga ƙofar ɗakin Baba zuwa inda durom ɗin ruwa yake. Washegari ya kafa tebur a gefenta, ya sa Baba ya taka da sandarsa, shi kuma yana bin takun da ɗan yatsa a kan na'ura don ya auna saurinsa. Abin da ya samu ya sanyaya masa jiki. Babu kiɗan rawa a duniya da ke tafiya a hankali haka. A jikin na'urar akwai wani ɗan maɓalli da ake turawa a ƙara gudun waƙa, a jawo shi a rage. Ya jawo shi har ƙarshe, muryoyin mawaƙa suka yi kauri, suka zama abin tsoro. Sai ya cire muryoyin ya bar ganguna. Ya wuni yana zaɓe, domin ba kowane kiɗa ke jure a rage masa gudu ya tsira da mutuncinsa ba.

Ranar da ya fara kunnawa, Baba ya ce shi bai yi rawa da ƙuruciya ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Yaya ta ce ai ba wanda ya roƙe shi rawa, zuwa durom kawai ake so ya yi ya dawo. Ya tashi yana mita. Ganga ta buga, ƙafar dama ta sauka. Ta sake bugawa, sai ga ta hagu ta biyo ba gardama. Ya kai durom, ya dafa shi ya huta, ya juyo. Yaya ta shige kicin wai za ta duba tukunya, alhali ba ta ɗora komai ba.

Daga nan abin ya zama na kullum, safe da yamma. Auta ya riƙa kawo sababbin haɗi, yau Landan da Luwanda, gobe wani kiɗan bakin teku da shi kansa bai san yaren masu shi ba. Baba bai taɓa yabawa ba. Iyakarsa ya ce wannan na yau ya cika ƙara, ko ya tambayi ina wancan na shekaranjiya mai kama da injin da ke neman mai. Amma Auta ya lura tun kafin lokaci ya yi dattijon ke laluben takalminsa.

To, masu wannan sana'a suna da wata ɗabi'a da ta zame musu jiki. Ba a gaya wa mai rawa za a ƙara gudu. Ana turawa ne kaɗan-kaɗan, a ɓoye ƙarin a daidai inda waƙa ke shiga cikin 'yar'uwarta, har wanda ya fara da rangaji ya ƙare yana tsiyayar gumi, kuma ya rantse ba abin da ya canja. A nan ake gane gwani, kuma a nan Auta ya yi suna. Likita dai ta riga ta ce kada a canja komai sai ta sake ganin majinyacin. Auta ya ji da kunnensa. Amma yatsa ya riga ya saba, kuma ga Baba yana bi. Ya tura kaɗan, Baba ya bi. Bayan kwana biyu ya sake turawa. Yana gaya wa kansa taimako yake yi, kuma da gaskiyarsa, sai dai ba ita ke nan ba. So yake ranar komawa asibiti Baba ya shiga da ƙafarsa ba sanda, a tambayi yadda aka yi, a ce aikin Auta ne, a gaban Baba.

Wata yamma ya haɗa wata gangar Birazil mai ɗan tsalle da wani kiɗa mai nauyi, ya ɓoye ƙarin a tsakaninsu yadda ya saba. Kansa na sunkuye, abin sauraro na maƙale a kunnensa, yana shirya waƙa ta gaba. Bai ga lokacin da ƙafar dama ta bi kiɗa ta bar ta hagu a baya ba. Ƙarar durom kawai ya ji. Ko da ya ɗago, Baba na kwance a siminti, goshi ya fashe, ruwa na malala ta ƙarƙashinsa, kiɗa kuma na ta yi abinsa.

Hoton asibiti ya nuna ba karaya, buguwa ce a ƙugu, aka ɗinke goshi aka sallamo su. Ciwon ya warke da wuri, amma Baba ya ƙi tashi. Daga gado sai kujera, banɗaki ma sai an tallabe shi. Yaya ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, duk a banza. Likita ta zo har gida, ta matsa cinyar ta ce naman ya fara saki, in aka ƙara ɗaukar lokaci ba ta da sauran dabara. Duk wanda ya tambayi yadda aka yi, Baba cewa yake ƙafar ce ta ci amanarsa. Kowane lokaci Auta ya ji haka sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya mayar da na'ura cikin akwatinta ya tura ƙarƙashin gado. Masu kiransa aiki suka kira har suka gaji. Kunya ce ke cinsa, da tsoron cewa shi ne ya zaunar da ubansa zaman da ba tashi.

Wata safiya yana tsugune yana yanke wa Baba farcen ƙafa, ya riƙe ƙafar hagun a tafin hannunsa, ya ji yadda ta rame. Bai ɗago ba ya yi magana.

"Baba, ba laifin ƙafarka ba ne. Ni ne na riƙa ƙara wa kiɗan gudu ban faɗa ba."

Baba ya sunkuyo ya dube shi.

"Na sani," in ji shi. "Tun ranar da ka fara. Mutumin da ya tsufa a kan sitiyari, a ƙara gudu ya kasa ji a jikinsa?"

"To me ya hana ka ce in rage?"

"Ban taɓa ganin ka kana aikinka ba sai a barandar nan. Na ga yadda fuskarka take yi in abin ya hau. Ban so in ɓata maka."

Auta ya ajiye abin yankan farcen, don idonsa ya daina gani sosai. Ya tambayi me ya sa to ake ta ɗora wa ƙafa laifi. Baba ya ce ya san halin Yaya, in ta ji gaskiya na'urar nan a bola za ta kwana. Sannan ya faɗi abin da bai gaya wa kowa ba, murya ƙasa-ƙasa.

"Tsoro nake ji, Auta. Ashe ƙasa tana da nisa haka."

Can Baba ya ce a ɗauko kayan hayaniyar, ya gani ko zai iya.

Auta ya kafa tebur a inda yake kafawa. Ya jawo maɓallin ƙasa fiye da ranar farko, ya zaɓi kiɗa mafi sanyi da yake da shi. Ya taimaka wa Baba ya miƙe, ya kai shi bakin ƙofa, ya ba shi sanda, ya koma bayan na'ura ya kunna. Wannan karon bai sunkuya ba, idonsa na kan ƙafafun.

Ganga ta buga, ta sake bugawa. Baba na tsaye, hannu ɗaya a sanda, ɗaya ya damƙe katakon ƙofa har jijiyoyi suka fito. Bai motsa ba. Yana kallon simintin, gumi na sauko masa ta kan tabon goshi. Waƙar ta yi nisa, ta wuce rabi, ta doshi ƙarshe, bai ɗaga ƙafa ko sau ɗaya ba. Auta ya ɗora yatsa zai shigo da ta gaba, don lokacin haɗawa ya yi.

Sai Baba ya saki ƙofar, ya miƙo hannun.

"Bar shi. Zo nan."

A sana'arsu ba abin kunya irin a bari shiru ya faɗo tsakanin waƙa da waƙa. Wanda ya yi haka a taro, da wuya a sake kiransa, kuma Auta bai taɓa yi ba tun da ya fara. Ya cire abin kunnen ya ajiye a tebur, ya zagayo. Yana isa waƙar ta ƙare, gidan ya yi tsit, har ana jin ɗigar famfo a cikin durom.

Hannun Baba ya sauka a kafaɗarsa da nauyin mutum gaba ɗaya. Ƙafar dama ta matsa gaba, ɗan kaɗan. Ta hagu ta tsaya a baya, ta daɗe, takalmin na karkarwa a kan siminti. Auta ya ji jikinsa na son ya yi gaba ya ja shi, ya danne. Ya tsaya yana jira, numfashin ubansa na dukan wuyansa.

Takalmin ya ja ƙasa a hankali, ya iso kusa da ɗan'uwansa. Sai a sannan Auta ya ɗaga tasa ƙafar.