Ranar da Begimai Ta Kira Sunan Yayan Mijinta

Tun da aka kawo Begimai gidan nan bakinta bai taɓa furta sunan Toktosun ba. Yayan mijinta ne, kuma a tsaunukan Karakol matar ƙane ba ta kiran sunan manyan gidan miji ko da wasa. "Yaya" take ce masa, kanta a sunkuye.

Ita da Toktosun ne ke raka baƙi masu zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ran nan da safe ta haƙa rami da shebur a gefen gangaren da za su tsallaka, don ta duba ƙarfin ƙanƙarar. Saman ya daskare ya yi tauri, ƙasan kuwa gari-gari kamar sukari, ba abin da ke riƙe da shi.

"Yaya, gangaren nan ba zai ɗauki mutum ba yau. Mu zagaya ta cikin itatuwa."

"Ji mini yarinya! Daga haƙa ɗan rami kin zama boka? Tun kina goye nake hawan dutsen nan."

Baƙin suka kwashe da dariya. Toktosun ya gyara hula, ya zame ya nufi tsakiyar gangaren, wai ya nuna musu hanya. Sai Begimai ta ji ƙanƙarar ta yi wani nishi a ƙarƙashin ƙafarta, ta ga tsaga siririya tana gudu ta samansa.

"Yaya! Yaya, tsaya!"

Ina! Ko waige bai yi ba. Ta cika ƙirji da iska.

"Toktosun!"

Ya tsaya cak. Ba tsoro ya tsayar da shi ba, fushi ne. Ya juyo ido jajur, ya taho don ya ci mata mutunci. Bai kai gare ta ba ƙanƙarar gangaren ta ɓalle a bayansa da ruri, ta kwashe itatuwa da duwatsu ta zuba a kwari. Inda yake tsaye ɗazu babu komai sai baƙin dutse.

Kuna tsammanin an gode mata? Da yamma tana zuba shayi, uwar mijinta ta ƙi karɓar kofin.

"A gaban baƙi! Sunan yayan mijinki gatsau, kamar kina kiran doki! Haka aka koya miki a gidanku?"

Mijinta ya zuba wa tabarma ido. Toktosun, da ransa da lafiyarsa, yana ta yagar naman rago, yana jiran a ba shi haƙuri. Begimai ta ajiye butar shayin a hankali.

"Mama, na kira shi Yaya bai ji ba. Da na kiyaye ladabin nan, da yanzu liman ne ke kiran sunansa a tsakar gidan nan, ke kuma kina amsa gaisuwa."

Toktosun ya daina tauna.