Ashirin da Biyar a Siton Magani

Hayaƙin dalma ya taso siriri ya shige mata hanci, ba ta ko kau da kai ba. A teburin mahaifinta, tsohon mai gyaran rediyo, Auta ta liƙa waya ta ƙarshe, ta cusa ɗan allon na'urar auna zafi da ta haɗa cikin robar sabulu da ta huda. Gilashin ya kawo haske: zafi talatin da ɗaya, danshi hamsin.

"Ta yi numfashi!" in ji Baba. "Ke 'yar nan, hannuna kika sace."

Ta yi dariya, amma idonta na kan ƙafarsa. Wata uku ke nan gyambon ya ƙi warkewa, ƙudaje na bin bandejin. Sukarinsa ya ƙi sauka duk da allurar insulin da take sayo masa a kantin maganin da take aiki. Likita ya ce zaƙi yake sha a ɓoye. Ita kuwa siton kantin take zargi.

* * *

Sito ne mai rufin kwano, ba ko taga. Kwalaye sun yi laushi kamar burodin da ya faɗa ruwa, fumfuna ta fito musu da gemu, kyankyasai na kiwo a kan kwalabe. Da an koma janareta sai a kashe firijin allurai, wai yana shan mai. Ma'aunin zafin da ke bango ya mutu a kan ashirin da biyar tun kafin a ɗauke ta aiki, kuma ranar ɗaya ga wata akawu ke cike takardar wata guda cur, har kwanakin da ba su zo ba.

Ta ajiye na'urarta a kan kanta: arba'in da ɗaya. Ta sa ta a firiji: ashirin da tara. Na'urar ta fara tsuwa.

Manaja ya leƙo yana sakace. "Wane tsuntsu ne wannan?"

Ta yi masa bayani.

"Injiniya! Ashe da ke muke zaune. Jibi mai duba kantuna zai zo daga hukuma. Ɗan murɗa ta, ta riƙa cewa ashirin da biyar."

"Ba ta da wurin murɗawa, yallaɓai. Abin da ta ji take faɗa."

"To madalla. Bar min ita nan."

* * *

Ranar duba ta tarar da robar kafe a bangon sito, an goge ta tas, tana nuna ashirin da huɗu. An ƙara wa wayar da ke jin zafi tsawo, an zura ta wani rami, ta ɓulla ofishin Manaja, tana reto a bakin na'urar sanyaya ɗaki.

Mai duba ya tsaya gumi na ɗiga daga haɓarsa kan takarda. Ya ɗauki hoto.

"Yallaɓai," ta ce, "don Allah ka bi wayar nan..."

"Ita ta ƙera da hannunta!" Manaja ya katse ta. "Ku tafa mata!"

Aka tafa. Mai duba ya bi wayar da ido har bakin ramin, ya dawo ya kalle ta, ya goge wuya, ya sa hannu.

Da ta tashi aiki ta ratsa gari zuwa wani kanti mai nisa, ta sayi sabuwar kwalbar insulin.

"Kada ki damu, 'yar'uwa, mai kyau ce," in ji mai kantin, da ya gane ta. "Daga wajenku muke sarowa. Duk garin nan ai ku ne."

* * *

Baba na zaune a tabarma, ya miƙe ƙafar a kan matashi.

"Me manyan suka ce?"

"Sun tafa, Baba."

Fuskarsa ta washe har wushiryarsa ta fito. Ya ɗaga riga, ya tsunkuli fatar cikinsa.

"To bismillah, Injiniya. Soka."

Ta zuƙo ruwan, ta ɗaga sirinjin sama. Wasu 'yan gudaji farare na yawo a ciki, irin na maganin da zafi ya ɓata. Baba yana riƙe da fatar, yana jira.