Shingen Lallen Mairama

Ranar Laraba, ana shirin fita Mina, Malam Abdulganiyyu ya tsaya a ƙofar gidansa a unguwar Jarwal ta Makka yana tare mutane, yana roƙonsu su yi alwala. Daga ranar unguwa ta daina tsoronsa.

A da kuwa ana tsoronsa. Sana'arsa ɗinke tsofaffin littattafai, kuma duk wanda aka kawo gyara sai ya karance shi, amma karatun bai ƙara masa son mutane ba. Da matarsa Mairama ta rasu, bakinsa ya ƙara kaifi. In mai gaisuwa ya ce, "Malam, ya haƙuri?" sai ya ce, "Yana nan inda ka bar shi jiya." A hankali ƙafa ta ɗauke.

Abin da Mairama ta bar masa shingen lalle ne a gaban gida, tsayinsa ya kai ƙirji. Irin ta ƙullo shi a bakin zane tun daga Haɗejiya, ya ratsa Sudan, ya haye teku, ya tsiro a garin da ruwa sai an saya. Duk shekara in ya yi fure sai ta ce, "Malam, ya yi kyau?" Shi kuma ya ce, "Inuwarsa ba ta ishi kaza ba," ko ya ce, "Sauro dai ya gode."

To, yanzu shingen yana mutuwa. Ganye ya yi rawaya daga ƙasa, yana zuba. Malam ya duba littattafan noma na mutanen da, ya zuba toka, ya zuba kashin awaki, ya yi masa rumfa da buhu. Ba abin da ya canza. Rannan ya ɗauki garwar ruwan sha ya juye a gindinsa, a kan idon Dawuda, mai kawo masa ruwa.

"Ya shaikh!" in ji Dawuda. "Mata na can bakin rijiya tun asuba, wuyana ya ɗauko wannan, ka ba ƙasa? Wallahi ka sake, ka nemi wani."

Malam ya ajiye garwar a hankali, don shi ma ya san a Makka ba a yin haka.

Da la'asar ya zauna kan dutsen da ya saba alwala, a jikin shingen. Yana wanke ƙafa sai ya lura: duk shingen, tushen da ke gabansa ne kaɗai kore. Ya duba dama, ya duba hagu. Ga duwatsu a jere, kowanne da tushen lalle a gabansa, duk sun yi ƙura. Nan baƙin Mairama suke zama. Ita ce mai dafa abinci da yawa, mai tsayar da kowa da hira har a kira salla, sannan ta nuna wa kowa dutse, kowa da butarsa. Shekara da shekaru yana ƙorafin ta mai da masa gida tasha.

Sai dariya ta ƙwace masa, har buta ta kife.

"Kai, matar nan! Ashe shinge take shayarwa da baƙi!"

Da farko ya gwada shi kaɗai. Ya yi alwala a dutsen farko, ya matsa na biyu ya sabunta, ya matsa na uku. Yana kan na ƙarshe, yatsu duk sun yamutse, sai ga Shatu, ƙanwar Mairama, da tiren waina a ka.

"Mijin yaya, me ka ci haka da alwala ta ƙi zama?"

"Haske a kan haske ake nema, Shatu. Ba fannin waina ba ne."

"To a yi a hankali, kar hasken ya zama mura."

Ya gaya mata abin da ya gano. Ta sauke tire ta yi dariya har da hawaye. "Wato sai ka nemo mutane? Kai? Allah Ya nuna mini ranar!"

Ranar ita ce Larabar nan. Jarwal ta cika da alhazai, kowane Bahaushe da butarsa a hannu, a cike, za shi Harami. Malam ya share duwatsu, ya sa rawani, ya tsaya a bakin hanya. Murmushi ya daɗe bai yi ba, da ya gwada sai mutum na farko ya canza hanya.

Na biyu wani Bazazzagi ne mai ƙiba.

"Alhaji, kana da alwala?"

"Ina da ita."

"Ka tabbata? Na ga kamar ka yi gyangyaɗi a tafe."

Alhajin ya tsaya yana tunani. Shakka ta shige shi. Ya zauna kan dutse.

"Madalla! A gindin za ka zuba, ya hajj, ban da kan ganye. Kurkurar goro kuma can gefe."

Kafin azahar duwatsu sun cika, ana jiran layi. Shatu ta kafa tirenta a gefe tana shela: "Alwala kyauta, fatawa kyauta, waina ce dai ba kyauta ba!" Malam yana kai da kawo, rawani ya karkace, yana gyara wa wannan wankin gwiwar hannu, yana korar wancan da ya fito da sabulu. Wanda ya ga yana tsantseni da ruwa sai ya tuna masa cewa sau uku-uku ya fi lada. Dawuda ya zo wucewa, ya duba, ya ga ruwan ya riga ya yi aikinsa kafin ya taɓa ƙasa. Shi ma ya sauke garwa ya nemi dutse.

Da Malam ya ɗauko almakashin aikinsa zai datse busassun rassa, wani tsoho ya riƙe masa hannu.

"Subhanallahi! Itacen Harami za ka sare?"

"Wanda ya fito da kansa aka hana, baba. Wannan hannu ya shuka shi, na kuwa san hannun." Ya jero masa malamai da babi-babi har tsohon ya nemi tsari, ya sake shi. Malam bai taɓa jin daɗin karatunsa kamar ranar ba.

Aka fita Mina, gari ya yi tsit. Sai tsofaffin matan unguwa suka karɓi duwatsun, suna alwala suna yi masa tsiya, yana ramawa. Alhazai suka koma gida, amma maƙwabta sun riga sun saba. Har ya fara dafa shayi, mai ɗaci, wai don kada su daɗe. Suka daɗe.

Toho ya fara daga inda ya datse, ja-ja, ƙanana. Tushe biyu na ƙarshen layi ba su tashi ba, ya bar su a tsaye. Sauran suka cika, suka haɗe, har Shatu ta fara tsinkar ganye don ƙunshi, yana bin ta da faɗa.

Wata safiya ya fito da buta, ƙamshi ya tare shi tun daga soro. Fure ne, fari-fari, a kan tushen da ke bakin ƙofa. Ya yi tsalle, tsalle na gaske, takalmi ɗaya ya fice. Ya juya da gudu zuwa cikin gida, baki buɗe, har ya kai ƙofar ɗakinta.

Labulen yana nan yadda yake. Ya tsaya da buta a hannu, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Ya yi kyau, Mairama."