Rigar Sanyin Timofe

Tun da aka harba Timofe zuwa tashar sararin samaniya, mahaifiyarsa Zoya Matveyevna ba ta da ranar da ta kai mata Lahadi. Ranar ce ake haɗa su magana ta bidiyo. Ciwo ya hana ta sauka daga gado, don haka matarsa Larisa takan jingine ta da matasai biyu, ta gyara mata kallabi, ta ɗora mata kwamfuta a cinya.

"Ji kumatu!" in ji tsohuwar, tana ƙwanƙwasa gilashin da yatsa. "Shekara tara kana cin girkin matarka kana nan kamar sillen kara, sai da ka bar duniya ka yi ƙiba. Larisa, ki ji kunya."

"Na ji, Mama," in ji Larisa.

"Me suke ɗura maka a can, ja'iri?"

Timofe ya yi dariya yana lilo a iska. "Miyar kabeji, cuku, kifin gwangwani. Har ƙari nake yi, Mama."

Larisa ta san ba haka ba ne. Likitan 'yan sama jannatin ya kira ta tun ranar Laraba. Ya ce a can inda komai ba shi da nauyi, ruwan jiki kan taru a kai, fuska ta cika, hanci ya toshe kamar na mai mura, abinci ya zama lami a baki. Ga motsa jiki na awa biyu kullum. Cikin wata huɗu Timofe ya zubar da kilo bakwai. "Ki lallashe shi ya ci," in ji likitan, "ko ransa ba ya so."

Da aka kashe kwamfutar, tsohuwar ta sa aka ɗauko mata kwandon saƙarta. Rigar sanyi take yi masa da gashin akuyar ƙauyensu na Orenburg, ta kusa kai wuya. Larisa na kallo tsohuwar ta kama bakin zaren ta fara warwarewa.

"Mama! Aikin wata biyu fa!"

"Da tsohon awonsa na fara. Yanzu ko hannu ɗaya ba zai shiga ba."

"Ki bar ta yadda take, Mama. Ai in ya dawo..."

"Ke kika haife shi?" Tsohuwar ta tsaya ta maida numfashi. "Tun yana shekara shida nake jiran kumatun nan, 'yata. Shekarun da kantuna suka bushe, dankali biyu nakan dafa in ba shi, in ce na ci nawa a kicin. Duk da haka bai taɓa yin jiki ba. Kullum gani nake ni na cuce shi. To, ga shi yau."

Maganar likita na bakin Larisa. Ta haɗiye ta, ta zauna a gefen gado, ta miƙa hannuwanta aka naɗa musu zaren.

Saƙar ta ci makonni, don yatsun tsohuwar sun daina jin magana. Wata rana layi uku, wata rana ko ɗaya. Ta gama hannu na biyu ranar wata Juma'a. Saura kwana goma sha tara Timofe ya sauko, tsohuwar ta cika.

A talabijin Larisa ta ga saukarsa a filin Kazakistan. Maza huɗu suka ɗauko shi a kujera, aka sa masa tuffa a hannu kamar yadda aka saba. Bai gatsa ba. Kumatun sun riga sun fara zubewa.

Ranar da likitoci suka sallame shi ya dawo gida, ya daɗe a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa. Larisa ta miƙo masa rigar. Ya saka. Kafaɗun suka zubo masa har damtse, kamar ya ari ta wani ƙato.

"Ba ki faɗa mata ba?" ya tambaya.

"Ban faɗa ba. In kana so, zan rage maka ita."

"Kar ki taɓa ta."

Ya dafa bango ya tafi kicin a hankali, ya zauna, ya naɗe hannun rigar sau biyu.

"Zubo min miya, Larisa. Cika kwanon."

Ta cika. Cokalin ya yi masa nauyi, amma bai ajiye ba.