Wayar Birkin Keken Philemon

Wa ya fi haƙƙi a kan abu: mai shi da ba a san ko yana da rai ba, ko wanda ke tsaye gabanka yana numfashi, kuma ka san zai iya mutuwa in bai samu ba? Na daɗe ina juya wannan tambaya a rumfata ta gyaran kekuna a Zuru, ban kai ƙarshenta ba.

Ranar Juma'a da yamma Dominic ya shigo da kekensa a kafaɗa. Keken tsere ne, mai siririyar taya da kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago. Washegari da safe za a yi tseren zaɓen waɗanda za su wakilci jiha, kuma a shekarunsa wannan ce damarsa ta ƙarshe.

"Baba Zainu, wayar birkin gaba ta tsinke."

Na buɗe hannun birkin. Ta tsinke daidai wuya. Na duba ta baya ko zan iya mayar da ita gaba, sai na ga tsatsa ta cinye ta, silinta sun mimmiƙe kamar tsohuwar tsintsiya.

"Ba gaba kaɗai ba," na ce. "Ba ka da birki ko ɗaya."

Ya zaro sabbin wayoyi biyu daga aljihu, yana murmushi. "Na zo da shirina."

Na murza ɗaya tsakanin yatsuna. Wayar canja giya ce. Wanda bai sani ba zai rantse duk ɗaya ne, amma ta giya siririya ce, aikinta tura sarƙa kawai. Ƙululun kanta ƙarami ne, ba ya cika gurbinsa a hannun birki. A fili za ta kama, har ka yaba mata. Ran da ka matse ta da dukan ƙarfinka a gangare, ranar za ta zame.

"Ba zan sa maka wannan ba."

"Waya ce fa, Baba."

"Zaren ɗinki ma igiya ce. Ka taɓa ganin an ɗaure sa da shi?"

Muka bi kasuwa. A shagon Usama akwai wayoyin birki dami guda, amma duk na kekunan noma ne, masu kai kamar ƙaramar ganga, ba sa shiga hannun keken tsere. Usama ya buga waya Sakkwato, aka ce akwai, motar da za ta kawo sai Litinin.

"Litinin!" Dominic ya yi dariyar da ba daɗi a cikinta. "Litinin ai sai in sa wa jaki."

Da muka koma rumfa ya ɗauki kekensa da wayoyinsa. "In ba za ka sa ba, ni zan sa da hannuna. Tun da aka daina jin ɗuriyar yayana, keken nan kaɗai ke tashe ni da safe. Ba zan zauna in ji labarin tseren a bakin wasu ba."

"Hanyar ta bi gangaren Manga, Dominic. Ka san kwanar da ke ƙasa."

"Na fi ka saninta."

Ya tafi. Ambaton yayansa ne ya tuna mini cewa akwai irin wayar da muke nema a garin nan, guda biyu, kuma ni na ɗaura su.

Yayan nasa, Philemon, soja ne, shi ya koya wa Dominic hawan keken tsere. Kafin a tura shi bakin daga a gabas ya kawo mini nasa na sa masa sabbin wayoyi, ya ce in ya dawo hutu zai hau. Bai dawo ba. Ba gawa, ba labari, sai dai “ana bincike”. Keken na rataye a falon matarsa Monica a unguwar Rikoto, tana goge shi duk Asabar.

Na same ta tana surfen dawa a tsakar gida.

"Sannu da aiki, Maman Glory."

"Baba Zainu! Yau kai ne a gidanmu? Lafiya dai?"

Na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta jingina taɓarya da turmi.

"A'a."

"Waya ce kawai. Litinin in mayar miki da sabuwa."

"Kai ka san mutanenmu. Ba a taɓa kayan mutum sai an yi masa makoki. Yau in aka cire waya, gobe kawunsa zai zo ya ce ai an fara rabo, a ba shi rediyo. Jibi a zo maganar gona. Kafin wata ya ƙare sun binne shi ba gawa. Mutumin nan shekaru ya yi yana golmo, noman neman aure, a gonar babana, yana noma da tafin hannu a fashe, don a ba shi ni. Ni ce zan fara cewa ya mutu?"

"Ba wanda ya ce ya mutu."

"Hannu zai faɗa, ko baki bai faɗa ba."

"To ƙaninsa fa?"

"Ka hana shi hawa. Kai ne babba."

"Kin taɓa hana ɗan gidan nan abin da ya sa kansa?"

Ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da surfe, da ƙarfin da ya wuce na dawa.

A hanyar komawa na auna duk abin da ya rage mini. In na ɗaura masa wayar giyar da kaina, ɗaurina zai fi nasa kyau, ƙila ta kai shi rabin gangare, amma hannuna ne zai sa ya yarda da ita. In na ƙi, hannuna ya fita, shi kuma ya hau da ɗaurin da ya fi muni. Na yi tunanin zuwa wurin masu shirya tseren in tona, su cire sunansa, ya rayu yana ƙina. Na yi tunanin sace keken. Kowace ƙofa na tura, akwai wanda ke bayanta da zan buge.

Gari na wayewa na zuba alanki, ƙarfen kwance ƙusa, da filaya a aljihu na nufi Rikoto, ban san me zan yi da su ba. Ɗakin Dominic na cikin gidan yayan nasa. Na tarar da shi durƙushe gaban kekensa, sanye da rigar tsere, ya riga ya zura wayar giyar. Silin tsohuwar wayar sun tsattsaga masa yatsu, jini ya ɓata farin tef ɗin da aka naɗe kan keken da shi. Monica na bakin murhu, ta ba mu baya.

"Ka gani?" ya ce, ya matsa hannun birkin a hankali, robar ta kama taya. "Tsoronka ne kawai, Baba."

"Matse ta kamar ga kwanar Manga gabanka."

Ya ƙi.

"Matse ta, Dominic. In ta riƙe, da kaina zan raka ka wurin tashi."

Ya sa hannu biyu ya matse. Aka ji ƙas. Hannun birkin ya tafi har ya daki kan keken, wayar ta faɗo tana lilo. Monica ta juyo.

Dominic ya dubi wayar, ya share jinin a cinyarsa, ya ɗauko ta biyun.

"Wannan zan ƙulle kanta," ya ce. "Gaba kaɗai ta ishe ni."

"Kai, mijin wasa," Monica ta ce. Haka take kiransa tun tana amarya, amma yau ba wasa a muryar. "Ajiye wannan abin."

"Anti, ban roƙe ki komai ba. Ban taɓa kallon keken Yaya ba."

"Na sani. Shi ya sa nake jin haushinka."

"In ban je ba, me zan zama a gidan nan? Mai jira na biyu?"

Ta tsaya da ludayi a hannu, koko na tafasa yana zuba a wuta, ba ta kula ba. Can sai ta aje ludayin ta shiga falo. Muka ji ƙarar kujera da aka ja jikin bango. Ta fito tana tura keken Philemon, tayoyinsa ba iska, ƙarfensa na sheƙi.

Na miƙa hannu in karɓa, ta janye.

"Ba kai ba, Baba Zainu. Ba shi ba kuma. In kawunsa ya tambaya, ni na cire. Aro na ba ƙaninsa, in mai shi ya dawo su ƙare tsakaninsu." Ta goge ido da bakin zane. "Wanne ne ƙarfen?"

Na ba ta alanki, na nuna mata ƙusar da ta danne wayar a saman tayar gaba. Ta juya ta dama, ta ƙara ɗaurewa.

"Hagu, Maman Glory."

Ta durƙusa, ta dafa keken da gwiwa, ta juya hagu da hannu biyu har ƙusar ta saki.